BABI NA UKU: GYARA GWAJIN KOMA-BAYA DA YA FAƊI A MANHAJAR PostgreSQL

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bayyana matakan da ake bi a duk lokacin da gwajin koma-baya ya faɗi a manhajar rumbun bayanai. An zaɓi manhajar PostgreSQL domin ta zama abin misali, saboda rubutunta a buɗe yake ga kowa, kuma tarihin gyare-gyarenta a adane yake. Manhajar ta samo asali ne daga aikin POSTGRES wanda Michael Stonebraker ya jagoranta a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley tun daga shekarar 1986. Daga baya Andrew Yu da Jolly Chen suka shigar mata da harshen SQL, sannan a shekarar 1996 aka raɗa mata sunan da take amsawa a yau. Abin da babin zai tabbatar shi ne, faɗuwar gwaji alama ce kawai, don haka wajibi ne a gano inda aibin yake kafin a taɓa komai: ko dai a rubutun manhajar, ko a muhallin da aka yi gwajin, ko kuma a shi kansa gwajin.

3.1 Ma'anar Gwajin Koma-baya

Koma-baya a fagen manhaja na nufin lalacewar wani abu da a da yake aiki daidai, sakamakon wani sabon canji da aka yi. Sau da yawa mai rubuta manhaja yakan gyara wani sashe, ba tare da ya sani ba gyaran ya ɓata wani sashen da ke nesa da inda ya taɓa. Gwajin koma-baya kuwa shi ne tarin tambayoyin da aka riga aka san amsarsu, waɗanda ake sake yi wa manhajar bayan kowane canji, domin a tabbatar amsar jiya ita ce amsar yau.

Muhimmancin irin wannan gwaji ya fi fitowa a manhajar rumbun bayanai. Dalili kuwa shi ne, idan manhajar zane ta yi kuskure, ido yana gani nan take. Amma idan rumbun bayanai ya tsallake layi ɗaya daga cikin layuka dubu goma, ko ya haɗa jimillar kuɗi ba daidai ba, babu mai lura sai bayan an yi aiki da amsar, wataƙila an biya albashi ko an fitar da sakamakon jarrabawa da ita.

3.2 Yadda Gwajin Yake Gudana

Gwaje-gwajen PostgreSQL suna zaune ne a foldar src/test/regress. A ciki akwai foldar sql wadda ke ɗauke da tambayoyin, da foldar expected wadda ke ɗauke da amsoshin da ake tsammani. Idan aka ba da umurnin make check, sai a kafa wani rumbu na wucin gadi, wata ƙaramar manhaja mai suna pg_regress ta aika masa da tambayoyin, ta zuba amsoshin da suka fito a foldar results. Daga nan sai ta kwatanta kowace amsa da takwararta ta foldar expected, layi bayan layi, ta amfani da manhajar diff. Akwai kuma umurnin make installcheck, wanda shi yana gwada rumbun da aka riga aka kafa ne yake kuma aiki.

Abin lura a nan shi ne, pg_regress ba ta fahimtar ma'anar amsa. Rubutu kawai take kwatantawa da rubutu. Bambancin harafi ɗaya, ko sauyin wurin layi ɗaya, ya isa ta ce gwaji ya faɗi. Ke nan faɗuwar gwaji ba ta nuna cewa lallai manhaja ta lalace, haka kuma ba ta nuna cewa lafiya lau take. Abin da ta nuna kawai shi ne an sami saɓani, kuma ɗan'adam ne zai yanke hukunci a kansa.

Gwaje-gwajen sun haura 200, kuma fayil ɗin parallel_schedule ne ke tsara yadda za su bi juna. Akan gudanar da su rukuni-rukuni, inda rukuni ɗaya kan ɗauki har gwaji 20 a lokaci guda.

3.3 Matakin Farko: Karanta Saɓanin

Duk saɓanin da aka samu ana tara shi a fayil ɗin regression.diffs. Layin da ya fara da alamar ɗebewa shi ne abin da ake tsammani, wanda ya fara da alamar tarawa kuma shi ne abin da ya fito. Akwai ƙa'idoji biyu da ya kamata a kiyaye wajen karanta wannan fayil.

Ta farko ita ce a fara da gwajin da ya fara faɗuwa. Gwaje-gwaje da dama sun dogara ne da jadawalan da wani gwajin na farko ya kafa, kamar jadawalin tenk1 mai layuka 10,000 da onek mai layuka 1,000. Idan kafa waɗannan ya ci tura, duk gwajin da ke bayansu zai faɗi, alhali matsalar guda ɗaya ce.

Ta biyu ita ce a duba ko rumbun ya tsaya ne gaba ɗaya. A tsarin PostgreSQL, idan aikin wani mai amfani guda ɗaya ya rushe, babban mai kula da rumbun yakan katse sauran duka ya sake tashi, domin kada ɓarna ta yaɗu a ma'adanar da suke tarayya a kanta. Saboda haka akan ga gwaji goma sha wani abu na rukuni ɗaya sun faɗi tare, alhali ɗaya ne kawai mai laifi. A irin wannan hali, fayil ɗin postmaster.log da ke foldar log shi ne zai nuna tambayar da ake kan amsawa lokacin da abin ya faru.

3.4 Musabbaban Faɗuwar Gwaji

Bayan an karanta saɓanin, sai a nemi musabbabinsa. Musabbaban da suka fi yawan aukuwa su ne kamar haka:

3.4.1 Jerin Layuka

Harshen SQL bai yi alkawarin fito da layuka a kan wani jeri ba, sai idan an rubuta ORDER BY a cikin tambayar. Sashen tsara hanya na manhajar yana da 'yancin zaɓen duk hanyar da ya ga ta fi sauri. Alal misali, tambayar da ke ɗauke da GROUP BY ana iya amsa ta ta hanyar jera layukan tukuna sannan a tara su, wanda hakan kan sa amsa ta fito a jere. Ana kuma iya amsa ta ta hanyar rarraba layukan a gurabe, dabarar da aka shigar a siga ta 7.4 a shekarar 2003, wadda ita ba ruwanta da jeri. Duk amsoshin biyu daidai ne, amma diff zai ce sun saɓa.

Idan aka tabbatar layukan nan su ne dai, wurinsu kawai ya canza, to aibin na gwajin ne, kuma maganinsa shi ne a ƙara ORDER BY a wannan tambaya. Sai dai marubutan PostgreSQL ba sa sanya shi a kowace tambaya, domin yin haka zai karkatar da gwajin gaba ɗaya zuwa ga hanyoyin da ke fito da amsa a jere, a bar sauran hanyoyin ba a gwada su ba.

3.4.2 Lambobi Masu Ɗigo

Kwamfuta tana adana lambobi masu ɗigo ne da tsarin sifili da ɗaya, bisa ƙa'idar IEEE 754 ta shekarar 1985. A wannan tsari, lamba kamar 0.1 ba ta da cikakken wakilci, kamar dai yadda kashi ɗaya cikin uku ba ya ƙarewa idan aka rubuta shi da ɗigo. Kafin siga ta 12, PostgreSQL tana nuna alƙaluma 15 ne kawai na nau'in float8. Daga siga ta 12, wadda ta fito a watan Oktoba na shekarar 2019, sai ta koma nuna mafi gajartar rubutun da zai wakilci lambar daidai. Don haka tambayar da ke tara 0.1 da 0.2 takan haifar da saɓani irin wannan:

- 0.3
+ 0.30000000000000004

A nan lissafin bai canza ba ko kaɗan, yadda ake nuna shi ne ya canza, kuma da gangan aka yi hakan. Wannan na daga cikin wuraren da ya halatta a sabunta amsar da aka ajiye. Idan kuwa ana son gwajin ya yi aiki a tsohuwar siga da sabuwa, ana iya mayar da saitin extra_float_digits zuwa sifili, ko a taƙaita amsar zuwa adadin alƙaluman da ake buƙata. Amma da a ce bambancin ya bayyana ne a alƙalami na uku ko na huɗu, to wannan kuskuren lissafi ne, ba na nuni ba.

3.4.3 Tsarin Harshe da Jerin Haruffa

Yadda ake jera kalmomi ya danganta da tsarin harshen da aka ɗora rumbun a kai. A tsarin da ake kira C, lambar da aka ba kowane harafi ita ake bi. Tun da lambobin haruffa masu ƙugiya sun fi na z girma, sunaye bakwai za su fito kamar haka: Bala, Dauda, Kabiru, Zainab, Ɓaidu, Ɗanladi, Ƙasimu. A tsarin abajadin Hausa kuwa za su fito ne kamar haka: Bala, Ɓaidu, Dauda, Ɗanladi, Kabiru, Ƙasimu, Zainab. Gwajin da aka rubuta amsarsa a na'ura mai tsari na farko dole ya faɗi a na'ura mai tsari na biyu, ko da kuwa akwai ORDER BY a cikinsa. Hanyar tantancewa ita ce a sake gwajin da umurnin make check NO_LOCALE=1. Idan saɓanin ya ɓace, to tsarin harshe ne musabbabi.

Duk da haka, bai kamata a raina irin wannan saɓani ba. A watan Agusta na shekarar 2018 aka fitar da siga ta 2.28 ta kunshin glibc, wanda akasarin na'urorin Linux ke dogaro da shi wajen jera rubutu. Sigar ta zo da sabbin ƙa'idojin jeri. Alal misali, a tsarin Turancin Amurka, 11 ne ke zuwa kafin 1-1 a da, amma daga wannan siga sai 1-1 ya koma gaba. Fihirisar jadawali kuwa an gina ta ne a kan tsohon jeri. Bayan an sabunta na'ura, rumbun kan nemi layi a inda sabon jeri ya ce yake, ya rasa shi, alhali yana nan a wani wurin. Har ila yau, fihirisar da aka kafa domin hana maimaici tana iya barin layi biyu masu suna ɗaya su shiga. Maganin wannan shi ne a sake gina fihirisar da umurnin REINDEX, kuma ana iya bincika lafiyarta da kayan aikin amcheck. Daga siga ta 15 ta shekarar 2022, PostgreSQL tana adana sigar ƙa'idojin jerin da aka kafa kowane rumbu da ita, tana kuma yin gargaɗi idan ta canza. Ke nan wanda gwajinsa ya nuna masa sauyin jeri bayan sabunta na'ura, ya share saɓanin ba tare da bincike ba, ya yi watsi ne da gargaɗin da zai ceci bayanansa.

3.4.4 Kuskure na Haƙiƙa

Idan layi ya ɓace, ko wani baƙon layi ya bayyana, ko jimilla ta canza, ko kuma tambayar da ya kamata a ƙi ta aka karɓe ta, to gwajin ya yi aikin da aka kafa shi dominsa. A nan ba a taɓa foldar expected ko kaɗan. Rubutun manhajar ne za a gyara har sai tsohuwar amsa ta dawo.

3.5 Nazarin Wani Misali: Shiyyar Lokaci a Shekarar 2024

Abin da ya faru a watan Satumba na shekarar 2024 misali ne mai kyau na gwajin da ya faɗi ba tare da an canza ko harafi ɗaya a manhajar ba. Domin amsoshin da suka shafi kwanan wata su zama iri ɗaya a ko'ina, pg_regress takan ɗora gwajin a kan shiyyar lokaci guda ɗaya, ba tare da la'akari da ƙasar da na'urar take ba. Shekara da shekaru shiyyar da ake amfani da ita ita ce PST8PDT, wato lokacin gaɓar yammacin Amurka, wanda ke bayan lokacin Greenwich da awa 8, ko awa 7 a lokacin bazararsu idan an tura agogo gaba.

Bayanin shiyyoyin lokaci na duniya yana fitowa ne daga wani kundi da Arthur David Olson ya assasa, wanda Paul Eggert ya ci gaba da kula da shi, kuma hukumar IANA ta karɓi ɗawainiyarsa a shekarar 2011. A fitowar kundin mai lamba 2024b, an mayar da sunan PST8PDT ya zama laƙabi kawai na shiyyar America/Los_Angeles. A lokutan yanzu shiyyoyin biyu ba su da bambanci, amma a tarihi sun bambanta. Shiyyar Los Angeles tana ɗauke da lokacin rana na birnin, wato awa 7 da minti 52 da daƙiƙa 58 bayan Greenwich, ga duk kwanan watan da ya gabaci 18 ga Nuwamba, 1883, ranar da kamfanonin jirgin ƙasa na Amurka suka fara aiki da lokaci na bai-ɗaya. Haka nan tana ɗauke da sauyin agogon da jihar Kalifoniya ta riƙa yi a wasu shekaru tsakanin 1948 da 1966, wanda tsohuwar PST8PDT ba ta san da shi ba. Sakamakon haka, tambayoyin gwaji masu tsofaffin kwanakin wata sai suka fara ba da amsa dabam.

Abin da ya taimaka wajen gano musabbabin shi ne, ba a kowace na'ura gwajin ya faɗi ba. PostgreSQL tana zuwa da nata kwafin kundin lokaci, amma akwai zaɓin --with-system-tzdata wanda ke sa ta yi amfani da na na'urar. Waɗanda suka ɗauki wannan zaɓi, kuma na'urorinsu suka riga suka karɓi 2024b, su ne suka fara ganin faɗuwar. Wannan ya nuna cewa muhalli ne ya canza.

Hanyoyin gyara da ke akwai guda uku ne. Ta farko ita ce a sabunta amsoshin su dace da sabon kundi, amma hakan zai sa gwajin ya faɗi a duk na'urar da ke da tsohon kundi. Ta biyu ita ce a ajiye amsa biyu ga kowane gwaji, wanda zai ninka wahalar kula da manyan fayiloli. Ta uku, wadda ita ce Tom Lane ya aiwatar, ita ce a mayar da gwajin kan shiyyar America/Los_Angeles kai tsaye, tun da ma'anarta ɗaya ce a tsohon kundi da sabo, sannan a sabunta amsoshin sau ɗaya. An kuma kai gyaran ga dukkan sigogin da ake kula da su a lokacin. Darasin da ke nan shi ne, an nemo abin da gwajin ya jingina da shi wanda ba tabbatacce ba, aka maye gurbinsa da tabbatacce.

3.6 Gano Canjin da Ya Haddasa Faɗuwa

Idan bincike ya nuna aibin na rubutun manhaja ne, amma ba a san wane canji ya kawo shi ba, akan yi amfani da umurnin git bisect. Ana nuna masa canji ɗaya da aka san gwajin na ci a kansa, da wani da aka san yana faɗuwa. Shi kuma sai ya riƙa zaɓo na tsakiya ana gwadawa, kowane zagaye yana rage rabin waɗanda ake zargi. Da wannan dabara, canje-canje 1,000 ba za su buƙaci fiye da gwaji 10 ba.

Bugu da ƙari, tun shekarar 2004 aikin PostgreSQL yake da wata gayyar na'urori ta masu sa kai wadda Andrew Dunstan ya kafa, inda kowace na'ura ke ɗauke da sunan wata dabba. Na'urorin sun bambanta ta fuskar ƙira da babbar manhajar da ke tafiyar da su, kuma kowace takan gina PostgreSQL ta gudanar da gwajin bayan sababbin canje-canje. Idan duka suka faɗi lokaci guda, zargi na kan canjin da ya shiga. Idan kuwa wasu 'yan kaɗan ne, sai a duba abin da ya haɗa su.

Mafi wuyar sha'ani shi ne gwajin da ke faɗuwa yau ya ci gobe. Wannan yakan faru ne idan gwaje-gwaje biyu na rukuni ɗaya suna taɓa jadawali ɗaya, ko kuma idan aikin share-share na bayan fage ya sabunta ƙididdigar jadawali ana tsakiyar gwaji, har sashen tsara hanya ya sauya zaɓinsa. Sake gudanar da gwajin har ya ci ba gyara ba ne, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Abin da ya dace shi ne a raba gwaje-gwajen biyu, ko a ba kowanne jadawalinsa.

3.7 Aiwatar da Gyara

Hanya mafi sauƙi ta sa gwaji ya ci ita ce a kwafe abin da ke foldar results a ɗora a kan na expected. Ita ce kuma mafi haɗari, domin idan sabuwar amsar kuskure ce, to an mayar da kuskure ya zama ma'auni, kuma duk wanda ya zo ya gyara shi daga baya, gwajin zai nuna shi ne mai laifi. Saboda haka ba a yin wannan kwafi sai an bi saɓanin layi bayan layi, an kuma iya faɗin dalilin kowane sauyi.

Inda amsa fiye da ɗaya ta halatta, PostgreSQL ta tanadi hanyoyi biyu. Ta farko ita ce fayilolin madadi, waɗanda ake ƙara wa sunansu lamba. Alal misali, char.out na ɗauke da amsar tsarin C, char_1.out kuma na ɗauke da ta wasu tsare-tsaren harshe da dama. Rauninta shi ne pg_regress ba ta san wace amsa ce ta dace da wace na'ura ba, duk wadda ta yi daidai karɓa take yi. Ta biyu ita ce fayil ɗin resultmap, wanda ke ɗaure takamaiman amsa da takamaiman nau'in na'ura, don haka ta fi tsauri.

Idan kuwa manhajar aka gyara, ya kamata a ƙara sabuwar tambaya a cikin gwajin wadda ke fito da wannan kuskure ƙarara. Akan tabbatar cewa tambayar tana faɗuwa kafin gyaran, tana kuma ci bayansa, domin gwajin da bai taɓa faɗuwa ba babu tabbacin yana auna wani abu. Daga ƙarshe sai a sake gudanar da dukkan gwaje-gwajen, a kuma rubuta bayanin musabbabin a jikin canjin domin amfanin na baya.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an bayyana ma'anar gwajin koma-baya da yadda yake gudana a manhajar PostgreSQL. An nuna cewa saɓanin da ake samu yana iya fitowa daga jerin layuka, ko lambobi masu ɗigo, ko tsarin harshe, ko shiyyar lokaci, ko kuma kuskure na haƙiƙa, kuma kowanne da irin maganinsa. Misalin shekarar 2024 ya nuna gwajin da muhalli ya kayar, na shekarar 2018 kuma ya nuna cewa sauyin muhalli ma yana iya ɓata bayanan da ke ajiye. Daga waɗannan bayanai za a fahimci cewa amsar da aka ajiye ba ta cancanci a canza ta ba sai bayan an gano musabbabin saɓanin, an kuma tabbatar sabuwar amsar ita ce daidai. Babi na gaba zai duba yadda ake rubuta sababbin gwaje-gwaje tun daga tushe.